Filin Tambaya Da Amsa: Yadda Fangas Ke Kashe Wutar Da Jikinmu Ke Kunna Masa

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan watan da yawansu akan cututtukan fangas suka zo, wato dangin funfuna da yis ɗin nan, waɗanda ke kawo makero da kyasbi da ƙaiƙayin gaba ga mata, wasunsu kuma su zarce har huhu da ƙwaƙwalwa. Na haɗa waɗanda amsarsu ke komawa tushe ɗaya.

TAMBAYA: Slm Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne a makarantar koyon aikin jinya, wani abu ne ya ɗaure min kai, kullum a rediyo da Facebook ana cewa antioksidan abu ne mai kyau, a ci zogale a sha lemo yana kare jiki, toh sai gashi a aji malaminmu yace wai fangas masu kawo cuta da antioksidan suke cin galaba akan mutum. Dan Allah yaya abin yake, abu ɗaya ya zama kariya kuma ya zama makamin cuta?
Daga wani ɗalibi a Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. Malaminku daidai ya faɗa, kuma maganganun biyu basu ci karo ba in ka gane aikin antioksidan ɗin tun daga tushe. Iskar oksijin ɗin nan da bama iya rayuwa babu ita, ita ce dai ke sa ƙarfe tsatsa, ita ce ke sa ka yanka yalo ka ajiye kafin ka juyo ya yi duhu, ita ce ke canza warin man gyaɗa in ya daɗe. A cikin jiki ma bata canza hali ba, duk lokacin da ƙwayoyin jiki ke ƙona abinci don samun ƙarfi akwai wani ɓurɓushin oksijin mai ɓarna da ke kuɓucewa, masana na ce masa sufa'oksayid, sai ɗan'uwansa haidirojin ferokzayid, waɗannan in suka samu kitsen da ya lulluɓe ƙwayar halitta ko furotin ko DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, lalata shi suke yi. Saboda haka duk mai rai da ke hulɗa da oksijin, mutum ne ko akuya ko bishiyar kuka ko funfunar da ta fito a burodi, dole yana da abinda zai kwantar da wannan ɓurɓushin, wannan abin shine antioksidan. Kowa da nasa kenan, kuma kowa kansa yake karewa da shi.

Toh abin mamakin shine jikinmu ya ɗauki wannan gubar ya mayar da ita makami. A cikin fararen ƙwayoyin jini akwai niyutirofil, su ne fiye da rabin fararen ƙwayoyin gaba ɗaya, akwai kuma makirofaj masu zaman gadi a huhu da hanta da sauran sassa. Aikinsu haɗiye baƙo. Wani masani ɗan Rasha, Ilya Metchnikoff, tun a 1884 ya zauna da madubin ƙara girma yana kallon wani ɗan ƙwaron ruwa da ake hango cikin jikinsa, ya ga ƙwayoyin jininsa sun yi dafifi suna haɗiye wani yis da ya shige shi, kaga tun farkon ilimin garkuwar jiki akwai fangas a cikin labarin. Amma haɗiyewa kaɗai bata kashewa. Da zarar niyutirofil ta rufe baƙon a wata 'yar jaka a cikinta, sai ta haɗa wani inji mai suna NADPH oksides a jikin jakar, ta zuƙi oksijin mai yawa lokaci guda, ta dinga antaya sufa'oksayid a ciki da gangan. An lura da wannan zuƙar iskar tun 1933, sai a 1973 Bernard Babior da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa sufa'oksayid ake ƙerawa da ita. Daga nan sufa'oksayid ya koma haidirojin ferokzayid, sai wani sinadari koren launi mai suna mayelo-ferokzides ya haɗa shi da kuloraid ɗin gishirin jiki, abinda ke fitowa kuwa ɗan gida ɗaya ne da abinda ke aiki a cikin ruwan Hypo ko Jik da ake wanke farin kaya. In ka fara zagayen ɗakin marasa lafiya ka ga mugunya ko majina ta yi kore-kore, sau da yawa launin wannan sinadarin kake gani, alamar an yi gumurzu a wurin.

Kar ka ɗauka wannan ƙaramin makami ne. Akwai wata cutar gado da ake kira CGD, wadda aka fara bayaninta a shekarun 1950, ana haihuwar yaro injin nan nasa baya aiki, kimanin ɗaya cikin haihuwa 200,000 a ƙididdigar Amurka, kuma yawanci yara maza. Fararen ƙwayoyin jininsu na nan, suna haɗiye baƙo yadda ya kamata, wutar ce kawai, wato gubar oksijin nan, bata kamawa, kuma cikin manyan abubuwan da ke kashe waɗannan yara akwai funfunar Aspergillus, wadda ni da kai muke shaƙar ɗaruruwan ƙwayoyinta kullum a iska bama ko tari.

Yanzu sai mu leƙa ɓangaren fangas. Shi da ya san za'a cinna masa wuta, sai ya shigo da 'yan kwana-kwanansa. Na farko wani sinadari ne da ake taƙaita sunansa SOD, wanda McCord da Fridovich suka gano aikinsa a 1969, shi yana cafke sufa'oksayid ya mayar da shi haidirojin ferokzayid. Candida albicans, yis ɗin da ke kawo farin abu a harshen jarirai da ƙaiƙayin gaba, yana da irin SOD har guda 6, uku daga ciki a bayan jikinsa ya jera su, ma'ana gubar bata ma kai ga taɓa shi ba an tare ta a ƙofa. Kuma SOD baya aiki sai da ɗan ƙarfe a cikinsa, toh in jiki ya ɓoye jan ƙarfe don ya hana shi, sai Candida ya ajiye mai amfani da jan ƙarfen ya ɗauko wani mai amfani da manganis ya ci gaba da harkarsa, wallahi duk lokacin da na karanta wannan sai na ce Allah mai iko.

Na biyu shine katalas, shi kuma yana farfasa haidirojin ferokzayid ya koma ruwa da iska kawai. Wannan ka taɓa ganin aikinsa da idonka, in aka zuba haidirojin ɗin kyamis akan ciwo ka ga farin kumfa na tasowa yana ɗan tsiii, ba ƙwayoyin cuta bane ke mutuwa kamar yadda mutane ke cewa, katalas ɗin jininka ne ke farfasa ruwan, kumfan kuma oksijin ne ke fita. Ƙwaya ɗaya ta katalas na iya farfasa miliyoyi a daƙiƙa guda. Irinsa fangas ke da shi. Bayan waɗannan akwai gulutatayon da tayoredoksin masu bin baya suna gyara furotin ɗin da ya riga ya taɓu, akwai baƙin launin melanin da wasu ke shafe bangonsu da shi yana tsotse gubar, sannan akwai masu jin ƙanshin hatsari a cikin ƙwayar, da sun ji ɗan ferokzayid kaɗan sai su ba da umarni a ninka ƙera katalas kafin babbar ta iso.

A ina ya koyi duk wannan? Mafi yawansu ba don mu suka tanada ba. Fangas irin su Cryptococcus da Histoplasma da Aspergillus mazauna ƙasa ne da taki da ruɓaɓɓen ganye, can kuma akwai amiba, wata ƙaramar halitta mai ƙwaya ɗaya, mai haɗiye su kusan yadda makirofaj ke yi, ga zafin rana ga fari. Arturo Casadevall da ɗalibansa sun nuna a 2001 cewa dabarun da Cryptococcus ke tsira da su a cikin amiba su ne dai yake amfani da su a cikin makirofaj ɗinmu.

Amma ga abinda nake so ka riƙe tunda jinya za ka yi, duk wannan shirin nasa a jikin mai cikakkiyar lafiya yawanci jinkiri kawai yake saya masa. Niyutirofil ba guba ɗaya take watsawa ba, tana haɗawa da gishirin fotashiyam mai yawa a jakar, kuma masu bincike a jami'ar Aberdeen sun nuna cewa haɗuwar biyun na toshe katalas ɗin Candida har ya rasa ta yi. Ga zafin jikinmu na digiri 37 da yawancin fangas basa iya girma a cikinsa, shi yasa cikin miliyoyin irinsu 'yan ɗaruruwa ne kawai ke damun ɗan Adam. Inda garkuwar fangas ke yin tasiri na gaske shine inda wutarmu ta ragu, mai cutar HIV da ta yi nisa, mai ciwon suga da bai daidaita ba, mai shan maganin kansa, wanda aka yi wa dashen ƙoda, mai shan sitiroyid irin su deksa ba ƙa'ida, jaririn da bai isa haihuwa ba. A kan gadon waɗannan za ka buɗe ido.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ƙanin maigidana yana da cuta mai karya garkuwar jiki, ya daina shan maganinsa kusan shekara saboda yana jin kunyar zuwa karɓa, kwanaki ya fara ciwon kai mai tsanani ba dare ba rana har yana amai yana surutai, a asibiti suka ce sanƙarau ne amma ba irin na lokacin zafi ba, wai na fangas ne kuma ana samunsa a kashin tattabara. Mu kuma muna kiwon tattabaru a gida. Su ne suka sa masa? Mu ma za mu ɗauka? Kuma suna ta cewa za su sake ɗibar masa ruwan baya, surukata ta ƙi wai shine ke kashe mutane.
Daga wata baiwar Allah a Kano

AMSA: Lafiya lau Hajiya, Allah ya ba shi lafiya ya sa kaffara ne. Bari in fara da maganar ruwan baya don ita ce ta gaggawa. Ki lallaɓa Mama ki roƙe ta ta yarda. Wannan fangas ɗin, Cryptococcus neoformans, yana toshe hanyar da ruwan ƙwaƙwalwa ke bi ya fita, sai ruwan ya taru ya matse ƙwaƙwalwa, shine ciwon kan da aman da kike gani, har makanta yana kawowa. Ɗibar ruwan ita ke sauke matsin, magani ce ita kanta ba gwaji kawai ba, kuma marasa lafiya da yawa da an ɗiba suke cewa kan ya yi sauƙi. Abinda ya sa mutanenmu ke tsoronta shine sai ciwo ya ci ƙarfin mutum ake kai shi asibiti, in rai ya yi halinsa sai a ɗora wa allurar.

Ku kuma ku kwantar da hankalinku, ba'a ɗaukarsa daga mutum zuwa mutum, ku ci abinci tare ku yi jinyarsa ba komai. Gaskiya ne yana son busasshen kashin tattabara, amma yana cikin ƙasa da kogon bishiyoyi ma, kuma mutane da yawa sun shaƙe shi tun suna yara, ya je huhu ya lafe shekara da shekaru garkuwar jiki ta danne shi. Don haka ba za'a ce lallai tattabarunku ne ba, kuma ba sai kun rabu da su ba. Abinda zan ce dai shi kar ya dinga share ɗakinsu, mai sharar kuma ya yayyafa ruwa tukuna don kar ƙura ta tashi, ya rufe hanci.

Yadda yake kaiwa ƙwaƙwalwa kuwa shine ainihin abinda na yi wa ɗalibin can bayani. Wannan yis ɗin yana da wata riga mai kauri mai yauƙi da ya kewaye kansa da ita, a ɗakin gwaji in aka ɗiga baƙar tawada akan ruwan bayan aka duba, sai ka ga fili baƙi wuluk, ga 'yan ƙwallaye kowanne da farin zobe kewaye da shi, zoben nan rigar ce tawada ta kasa ratsawa. Da ya shiga huhu sai ya ƙara mata kauri, tana hana a haɗiye shi da sauƙi, in an haɗiye kuma tana shanye wani kaso na gubar. Ga SOD ɗinsa a ciki. Toh sai makirofaj ta haɗiye shi ta kasa kashewa, ya zauna a cikinta yana hayayyafa, ita kuma tana yawo a jini, ɗaya daga cikin hanyoyin da yake tsallaka shingen ƙwaƙwalwa kenan, a cikin mai gadin. A 2006 ma an ɗauki hotonsa yana fita daga cikin makirofaj salin-alin, shi da rai ita da rai. Idan ya isa ƙwaƙwalwa sai ya tarar da sinadarai irin su dofamin, yana da abin sarrafa su ya ƙera melanin ya shafe bangonsa, gubar oksijin ta ƙara rasa hanya, magani ma ya ƙara wahalar kama shi. Masana na ganin wannan na cikin dalilan da suka sa yake son ƙwaƙwalwa.

A jikin mai lafiya akwai ƙwayoyin CD4 da ke zaburar da makirofaj su ce mata ƙara wuta, HIV kuma su take cinyewa, shi yasa cutar ta fi kama wanda CD4 ɗinsa ya sauka ƙasa da 100. Ƙiyasin shekarar 2020 ya nuna mutum kusan 152,000 sun kamu da wannan sanƙarau a duniya, kusan 112,000 suka rasu, wato wajen kashi 19 cikin 100 na mace-macen da ke da alaƙa da ƙanjamau, kuma fiye da rabi a Afirka kudu da Sahara. Abin na ci min rai don akwai gwajin jini mai sauƙi da ake kira CrAg da ke gano shi makonni kafin ciwon kai ya fara. Magani ma an samu ci gaba, bayan wani babban gwaji a Botswana da Malawi da Yuganda da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022 ta amince da ƙarin ruwa ɗaya mai ƙarfi na amfoterisin B irin wanda aka naɗe a kitse, tare da fulusaitosin da fulukonazol na kwana 14, sannan a ci gaba da fulukonazol na watanni. In kin ga likita bai mayar da shi kan maganin HIV nan take ba kar ki ce sakaci ne, da gangan ake jira sati 4 zuwa 6, don in garkuwa ta farfaɗo da sauri alhali fangas ɗin na cike a ƙwaƙwalwa kumburin da za ta tayar na iya yin kisa. In Allah ya tashi kafaɗunsa, ku tsaya masa ku cire masa kunyar nan, wani a gidan ya dinga raka shi karɓar magani.

TAMBAYA: Malam ni mai ciwon suga ce, ga ciwon sanyi ya ƙi barina, ƙaiƙayi da farin abu kamar cukui, in na yi magani ya tafi ya dawo. Ina shan zoɓo da zogale sosai, har wasu kafso na saya masu tsada na antioksidan. Da naji ance fangas na amfani da antioksidan sai hankalina ya tashi, ko ni nake ciyar da shi?
Daga wata uwa a Bauchi

AMSA: A'a 'yar'uwa, ba ke kike ba shi ba. SOD da katalas ɗin Candida shi ke ƙera abinsa a cikin jikinsa, baya jiran zogalenki. Ki ci ganye ki sha 'ya'yan itace daidai yadda likitan suga ya tsara miki. Abinda zan tambaye ki shine, zoɓon nan da suga nawa ake haɗa shi? Don in akwai abinda ke ciyar da Candida toh shine. Sugan jini in ya yi sama aiki biyu yake yi a lokaci guda, yana sa niyutirofil su yi kasala, tafiyarsu ta ragu wutarsu ta yi sanyi, sannan shi kuma yis ɗin ya samu abinci, har an nuna a ɗakin bincike a 2009 cewa da Candida ya ɗanɗana gulukos, wato irin sugan da ke cikin jini, sai ya fara ɗaura garkuwarsa ta oksijin tun kafin a kawo masa hari, kamar ya san zaƙin nan alamar ya shiga jini ne. Akwai ma mutanen da aka haifa babu koren sinadarin nan da na ambata a sama, yawancinsu har su tsufa basu san basu da shi ba, amma in ciwon suga ya haɗu da rashin sai Candida ya iya bazuwa a jikinsu. A Indiya a 2021 lokacin korona mutum sama da 40,000 suka kamu da wata funfuna mai cin hanci da ido, mafi yawansu masu ciwon suga ne da aka ba sitiroyid.

Kafso ɗin nan kuwa, ni dai da kin tambaye ni kafin ki saya da na ce ki sayi abin gwada suga da kuɗin. Ba'a nuna suna maganin ciwon sanyi ba, kuma yawansu ba lallai alheri bane, a Finlan an gwada wani antioksidan mai suna bita-karotin akan maza masu shan taba kusan 29,000, sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna kansar huhu ƙaruwa ta yi da kashi 18 cikin 100 a waɗanda suka sha.

Ki sani kusan mata uku cikin huɗu na samun wannan ƙaiƙayin ko sau ɗaya a rayuwa, ba ƙazanta bace kuma ba daga masai ake kwasowa ba, Candida dama mazaunin jiki ne, dama yake jira. Ki daina shan antibayotik a kansa don suna kashe ƙwayoyin kirki masu taka masa birki, ki bar tsarki da sabulu mai ƙanshi da cushe-cushen haɗi, sannan tunda yana dawowa a ɗebi samfur a gwada, don akwai irin Candida da fulukonazol baya ji sosai. In kina da juna biyu kar ki sha ƙwayar fulukonazol, na matsi likita zai ba ki.

TAMBAYA: Malam babana ya gama maganin tibi na wata shida, an gwada majina ance babu, amma har yanzu tari da jini da rama. Ance a sake sabon zagaye. Ya kake gani?
Daga wani matashi a Maraɗi

AMSA: Allah ya ba Baba lafiya. Ka roƙi likitansa ya duba batun Aspergillus kafin a sake zagayen. Tarin fuka in ya warke yakan bar rami a huhu, ramin nan jini baya zagaya shi sosai, sojojin jiki basa isa ciki da yawa, ƙwayoyin Aspergillus kuma masu lulluɓin melanin da katalas in suka faɗa ciki sai su tsiro su dunƙule, wani lokaci hoton ƙirji ya nuna ƙwallo zaune a cikin ramin. Alamunsa sak na tibi, amma maganin tibi baya taɓa shi, gwajin jini na Aspergillus da hoto ne ke rarrabewa, maganinsa kuma irin su itirakonazol ne na aƙalla wata 6, wanda ba'a haɗa shi da rifamfisin na tibi don yana kashe masa ƙarfi. Akwai kuma Histoplasma mai kwaikwayon tibi, yana zama a kashin jemage da na tsuntsaye, akwai irinsa na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, an ma same shi a ƙasar kogon jemagu na Ogbunike a jihar Anambara. In Baba na ɗibar takin jemage ko na kaji ku faɗa wa likita. Jinin in ya yi yawa kar ku jira gari ya waye.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe ni ina da shagon magani. Tunda an san garkuwar fangas ɗin, me ya hana a yi maganin da zai fasa ta kawai jiki ya ƙarasa shi?
Daga wani mai kyamis a Gusau

AMSA: Alhaji tunaninka shine tunanin masu bincike da yawa, abu biyu ne suka tsaya a hanya. Na ɗaya, fangas a tsarin halitta ya fi kusa da mu fiye da bakteriya, SOD ɗinsa da katalas ɗinsa na kama da namu, abinda zai toshe nasa na iya toshe namu. Shi yasa har yau manyan rukunan maganin fangas mai shiga jiki basu wuce huɗu ba, amfoterisin B ma da aka samo tun shekarun 1950 har yanzu da shi ake ji duk da wahalar da yake ba ƙoda. Na biyu, garkuwar hawa-hawa ce. An cire wa Cryptococcus katalas ɗinsa duka huɗu, aka sa wa ɓeraye, ya kashe su kamar ba'a cire komai ba, don sauran sun rufe gurbin. Amma a Histoplasma da aka cire SOD ɗaya da ke bayan jikinsa sai ƙarfinsa ya faɗi warwas. Ma'ana kowane fangas sai an nemo inda lagonsa yake. Ɗaya daga cikin wuraren da ake sa rai shine sinadarin da ke sake caza tayoredoksin, don Cryptococcus baya rayuwa babu shi kuma ƙirarsa ta bambanta da tamu, sai dai har yanzu abin yana ɗakin bincike bai zo kanta ba. Ana buƙatarsa kuwa, don a Oktoban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin fangas 19 masu hatsari, huɗun da ke sama su ne Cryptococcus neoformans da Aspergillus fumigatus da Candida albicans da Candida auris, wannan na ƙarshen a 2009 aka fara gano shi a kunnen wata mara lafiya a Jafan, baya jin magunguna da yawa, kuma an riga an same shi a asibitoci a Najeriya.

Kafin sabon magani ya zo akwai abinda ke hannunka kai a shago. Deksa da firedinisolon da 'yan mata ke saya don ƙiba, da man bilicin mai kulobetasol, duk garkuwar jiki suke dannewa, dan Allah kar ka bayar babu takardar likita. Haka mayukan nan masu haɗi uku da ake ba mai makero, sitiroyid ɗin ciki na kwantar da ƙaiƙayi kwana biyu mutum ya ɗauka ya warke, alhali ya kori masu gadin fatar ne, makeron ya faɗaɗa ya ɓad da kama, a Indiya irin wannan shafe-shafen ana danganta shi da bazuwar wani makero da baya jin maganin fangas mai suna terbinafin. Mai makeron jiki ka ba shi man fangas zalla irin kulotirimazol ya shafa sati 2 zuwa 4 ko da ya ga ya ɓace. Na kan yara kuwa mai cinye gashi, man shafawa baya kaiwa saiwar gashin, sai maganin sha irin girisiyofulbin na sati 6 zuwa 8, likita ya auna nauyin yaron ya rubuta, a kuma daina haɗa aska da mataji da hula da sauran yaran gidan.